Amsar Wasiƙunku: Ɗan Shekara Biyu Da Akwatin Talabijin

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani bawan Allah mai sana'ar hatsi a yankin Gumel ta Jihar Jigawa. Ya ce bara da kaka, bayan ya sayar da riɗinsa, ya sa wutar sola a gida, ya kuma sayi akwatin talabijin. Yanzu ɗansa mai shekara biyu da wata huɗu, daga ya farka sai gaban akwatin, in an kashe ya yi ta birgima yana kuka. Abin da ya fi damunsa shi ne har yau yaron bai wuce "Mama" da "ruwa" ba, alhali sa'o'insa sun fara haɗa magana. Mai ɗakinsa ta ce kallon ne ke ba ta damar yin aiki, mahaifiyarsa kuma ta ce a ƙyale yaro. Shi ne yake tambaya: ya sayar da akwatin ne, ko yaya zai yi?

To, Malam, mun gode da wannan tambaya, don ba gidanka kaɗai ta shafa ba. Amsa a taƙaice ita ce ba sai ka sayar ba, amma lallai ka sa wa kallon iyaka, kuma tun yanzu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara kan wannan a shekarar 2019. Ta ce yaron da bai cika shekara 2 ba, kada a zaunar da shi gaban talabijin ko waya. Daga shekara 2 zuwa 4 kuwa, kada kallon ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Ta ƙara da cewa yaro mai shekarun ɗanka yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14, har da na rana, da kuma aƙalla awa 3 na wasa da guje-guje. Ka ga ke nan duk awar da akwatin ya cinye, daga cikin waɗannan ya ɗiba.

Me ya sa likitoci suka matsa haka? Saboda yaro daga bakin mutum yake koyon magana, mutumin da zai dube shi ya amsa masa. A shekarar 2003 wata masaniya a Amurka mai suna Patricia Kuhl da abokan aikinta sun buga sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kawai suke ji a gida. Wasu aka haɗa su da mutane masu yi musu Sinanci ido da ido har sau 12, wasu kuma aka nuna musu irin wannan magana a faifan bidiyo. Na farkon suka iya bambance sautukan Sinanci. Masu kallon bidiyo kuwa, kamar ba su taɓa jin harshen ba. Akwati yana surutu, amma ba ya amsa wa yaro. In ɗanka ya nuna akuya ya ce "me", uwarsa ce za ta ce, "I, akuya ce, ga ɗanta can." A nan kalma take shiga.

Kai manomi ne, ka san gonar da ta rasa noman fari, ko an yi mata maimai da wuya ta kamo 'yan uwanta. Shekarun farko na yaro su ne noman farinsa.

Ga abin da za ka yi. Na farko, ka tsayar da lokaci guda, misali rabin awa bayan la'asar, kullum a nan. Yaro ya fi saurin yarda da abin da ya saba. Na biyu, wani babba ya zauna tare da shi, a zaɓi shirin yara mai natsuwa, ana tambayarsa abin da ya gani. Fina-finan faɗa da harbe-harbe ba nasa ba ne. Na uku, a kashe lokacin cin abinci, da kuma awa guda kafin barci. Na huɗu, in ba mai kallo a kashe a rufe da zane, don akwatin da ke ta ƙara a ɗaki yana rage hirar manya da yaro ko da bai kalla ba. Na biyar, kada a kashe talabijin a miƙa masa waya. Duk kanwar ja ce.

Zai yi kuka, wannan babu shakka, musamman kwanakin farko. A rarrashe shi, a fita da shi tsakar gida, amma kada a kunna. In ya gane kuka na buɗe akwati, to kun koya masa mabuɗi.

Maganar mai ɗakinka kuwa tana da gaskiya, aikin gida da goyo ba wasa ba ne. Kada ka shiga da faɗa. Ta shimfiɗa masa tabarma inda take ganinsa, nesa da murhu, ta ba shi ƙoƙo da ludayi da murfin kwano, tana aiki tana gaya masa abin da take yi. Yayyensa su ja shi wasa in sun dawo makaranta. Kai ma in ka dawo kasuwa, ka ɗauke shi ku zaga wurin dabbobi kana faɗa masa sunayensu. Ita kuma Inna, kada ka yi jayayya da ita. Ka roƙe ta ta riƙa yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare. Ta fi akwatin iyawa, kuma za ta ji daɗi an sa da ita.

Sai dai, Malam, kada a ɗora wa talabijin laifin duka. Yawancin yara kan fara haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Baba zo", wajen shekara 2. Tun da naka ya wuce nan, ka kai shi asibiti a duba kunnensa, balle in ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, ko kunnen ya taɓa zubar da ruwa. Rashin ji sosai na jinkirta magana, kuma in an gano da wuri an fi samun taimako. Kada ka jira a ce gado ne, wai babansa ma ya daɗe bai yi magana ba.

Ka gwada wannan na wata guda, ka sake rubuto mana yadda ta kaya. Allah ya raya mana shi, ya buɗe bakinsa da alheri. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.