Tayoyin Gaba Ke Shan Wahala

Tun 1997 da Toyota ta fito da Prius a Japan, masu motocin da ke haɗa fetur da lantarki suke murnar sauƙin mai. Tayoyin gaba kuwa suna ji a jika.

Batir ya ƙara nauyi, injin lantarki na fizgar mota nan take, birkin da ke mayar da wuta cikin batir ma galibi ta gaba yake kamawa. Shi ya sa na gaba ke riga na baya suɗewa. A Amurka, Toyota na ba da shawarar sauya wa tayoyi wuri duk mil 5,000, wajen kilomita 8,000, amma direbobi da yawa sai mota ta fara santsi suke tunawa.

Sakacin na da tsada: a Birtaniya, idan zurfin zanen taya ya gaza milimita 1.6, tara ce.