Dokin da Aka Sauke a Iware

In aka ce Iware, a ƙaramar hukumar Ardo Kola, kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, shanu ne ke fara zuwa rai. To amma dawakai ma na bin wannan titi, musamman gab da hawan sallah a masarautar Muri, wasunsu daga jihohi masu nisa.

Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta tanadi likitan dabbobi ya duba dabbar fatauci, ya ba da takardar izini kafin a wuce da ita. Fatake da yawa na ɗaukar takardar a matsayin haraji kawai. A ganina sun yi kuskure.

Ku tuna murar dawakai da ta ɓarke a Sakkwato a ƙarshen 2018, ta halaka jakuna da dama. Ta numfashi take yaɗuwa, doki ɗaya mai tari ya isa ya kwantar da barga guda. Akwai kuma cutar dawakai ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari masu cizo da almuru ke ɗauka, kuma takan kashe mafi yawan dawakan da ba su da rigakafi. Yankinmu na kwarin Binuwai, ga damshi, ga ƙwari.

Saboda haka wanda ya sayo doki, ya nemi takardarsa tun a inda aka loda shi. In ya iso, a ɗaure shi a turke daban na makonni biyu zuwa uku, da bokitin ruwansa shi kaɗai, kafin ya shiga cikin sauran.