Kewar Takarda a Zamanin Waya



An ce in yi magana kan kewar takarda, to ga shi kuwa ina hango rabinku da waya a hannu. Ba laifi, ni ma tawa tana aljihu.

Duk wanda ya haura shekara arba'in a ɗakin nan ya san shagon hayar littattafai. Littafi ne siriri, bangonsa ya yi laushi don shan hannu, an ɗinke gindinsa da zare, wani lokaci shafin ƙarshe ya yage, sai ka nemi wanda ya riga ka karantawa ya ƙarasa maka labarin. Haka aka karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, haka aka karanta littattafan Balaraba Ramat Yakubu. Kwafi ɗaya sai ya zaga gida biyar kafin ya koma shago. Kafin su, iyayenmu sun yi haka da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta. Mutum ɗaya mai boko zai riƙe jarida, dattawa su kewaye shi suna jin labarin yaƙin Hitila.

Yau marubuciya tana rubuta labarinta a waya, ta saka a zauren WhatsApp shafi-shafi, masu karatu su tura mata kuɗi ta banki. Ban ga abin zargi a nan ba. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, kuma farashinta dala yake bi. Yarinyar da ba ta da jarin zuwa maɗaba'a, me za ta yi? Ta yi shiru? Gara ta rubuta a waya, kuma ga dukkan alamu masu karanta ta ba su ragu ba.

Damuwata wata ce daban. Ku je Arewa House a Kaduna, za ku ga rubuce-rubucen malamai na zamanin jihadi da bayansa. Ɗaga wata takardar ka haska ta a rana, sai ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta, alamar daga Italiya ta fito, ta ratso Sahara a bayan raƙumi. An adana ta cikin gafaka, ta sha damina fiye da ɗari, har gobe tana karantuwa, har da gyaran da wani almajiri ya yi a gefen shafi. To labarin da aka rubuta a WhatsApp shekara biyar da suka wuce, ina yake? Wayar ta faɗa ruwa, ko an sace ta, zauren ya watse. Ɗalibin da zai nazarci adabin wannan zamani nan da shekara hamsin, a ina zai samo shi? Ruwan Bagaja na 1934 ya fi sauƙin samu a yau fiye da wasu labaran bara.

Mu masu kewar ma ba mu wanke kanmu ba. Tsofaffin jaridunmu a hannun mai tsire suka ƙare, littattafan kakanni kuma gara na cin su a ɗakin ajiya.

Saboda haka ina roƙon sassan Hausa na jami'o'inmu su fara tattara waɗannan labaran waya, da izinin masu su, a buga ko kwafi uku ne a ajiye a laburare. Ku kuma ɗalibai, wanda duk ya san akwai akwatin takardu a gidansu, ya buɗe shi a wannan hutun kafin damina ta sauka.