Yadda Ake Gane Ko Talla Ya Biya Kuɗinsa

Manufar talla ita ce ƙara ciniki da riba. Saboda haka awonsa ya rataya ne a kan tambaya guda: a cikin cinikin da aka yi, nawa ne ba zai samu ba da a ce ba a yi tallan ba? Yawan waɗanda suka ji sanarwa a rediyo, ko suka kalli bidiyo a Facebook, yana nuna cewa saƙo ya isa, amma bai nuna cewa kuɗi ya shigo ba.

Matakin farko shi ne tsayar da manufa tun kafin a kashe ko sisi. Sababbin masu saye ake nema, ko tsofaffi ake so su dawo, ko kuwa kayan da suka yi kwantai ake son fitarwa? Sai a rubuta cinikin watannin baya, domin da shi za a kwatanta abin da zai biyo.

Na biyu shi ne bin sawun mai saye. Claude Hopkins, wani gwanin talla ɗan Amurka, ya bayyana wannan dabara a littafinsa Scientific Advertising na 1923: kowace jarida a sa mata takardar ragi mai alama ta daban, yadda duk wadda aka dawo da ita za a san daga inda ta fito. A yau ana iya ba kowane gidan rediyo lambar waya ta daban. Mafi sauƙi ma, yaron shago ya riƙa tambayar duk baƙuwar fuska inda ta ji labarin shagon, yana rubutawa a littafi.

Na uku lissafi ne, kuma da riba ake yin sa, ba da jimillar ciniki ba. A ɗauka wani mai atamfa a Kantin Kwari ya kashe naira 200,000 a wata, ya samu sababbin masu saye 50. Kowane ɗaya ya tsaya masa a kan naira 4,000 ke nan. Idan ribar da yake ci a kan mutum ɗaya naira 3,000 ce, kuma ba sa dawowa, ya faɗi. Idan kuwa kowannensu yana zuwa sau uku a shekara, ribar ta zama naira 9,000, talla ya biya kuɗinsa har da rara.

Babban tarkon yana cikin mataki na huɗu. Mai atamfar da ya sa talla a cikin azumi zai ga kasuwa ta buɗe, alhali ko bai yi ba jama'a za su sayi kayan Sallah. Carar zakara ba ita ke kawo asuba ba. Maganin wannan ruɗu shi ne gwaji: a yi talla a wani yanki, a bar wani yankin mai kama da shi, sannan a duba bambanci.

Kamfanin eBay, mai shafin saye da sayarwa a intanet, ya yi irin wannan gwaji a 2012. Da farko ya daina biyan kuɗin tallan da ke bayyana idan mutum ya rubuta sunan kamfanin a shafukan bincike na Yahoo da MSN. Kusan duk masu neman sai suka ci gaba da shigowa ta hanyar da ba a biya ba. Daga nan ya dakatar da tallan sauran kalmomi a wasu yankunan Amurka, ya bar wasu. Binciken da Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis suka wallafa a mujallar Econometrica a 2015 ya nuna cewa tallan yana jawo sababbi da masu saye jefi-jefi, amma mafi yawan kuɗin yana tafiya ne a kan waɗanda dama za su saya, har ya zama asara idan aka haɗa lissafi.

Akwai kuma tallan da ba a ganin amfaninsa nan take, wato na kafa suna. Ana auna shi ne ta hanyar tambayar jama'a lokaci-lokaci wane suna ke fara zuwa musu a rai, tare da duba yawan masu dawowa a tsawon watanni.

Duk ɗan kasuwar da ba ya rubuta ciniki, ba ya bin sawu, kuma ba ya gwaji, kuɗin tallansa a kan zato yake kashe su.