Daga Basfa Zuwa Goyin: Jawabin Uban Masu Babura a Taron Shekara na Ƙungiyarmu



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban wannan ƙungiya tamu da 'yan kwamitinsa, iyayenmu mata da ke zaune can baya, baƙinmu da suka taso daga Lafiya da Adogi da Assakio, da kuma 'ya'yana masu babura waɗanda na ga sun jera mashinansu a bakin ƙofa kamar ranar hawan salla, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Sakatare ya aiko mini cewa in yi bayanin yadda masu babura suka yawaita a wannan yanki namu na Ashige, da irin taimakon da suke yi wa jama'a. Na amsa masa ba tare da jan rai ba, domin ni ma ɗan babur ne tun ba a haifi yawancin yaran nan ba. Bayan haka kuma akwai abin da na zo roƙo a wurinku, shi kuwa roƙo ba a yin sa sai da shimfiɗa. Saboda haka a yi wa tsoho haƙuri idan ya ɗan zaga.

Babur ɗin da na fara mallaka Vespa ce, wadda mu muke kira Basfa. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fara ƙera ta a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mutanensu ba su da halin sayen mota. Ma'anar sunan a harshensu zanzaro, saboda siririn ƙugunta da kuma kukan injinta. A ƙasarmu ta yi tashe ne musamman bayan kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975. Malamin makaranta ya saya, malamin gona ya saya, tela da ɗan tireda su ma ba a bar su a baya ba. Abin da ya sa ta shiga ran Bahaushe shi ne ba ta da tanki a tsakanin ƙafafu. Sai ka sa babbar rigarka, ka kafa hula, ka zauna kamar kana kan kujera a zaure, ka je ɗaurin aure ka dawo rigarka fes. Ga tayar safiya maƙale a jikinta. Giyarta a hannu take, kuma sai ka haɗa mata fetur da baƙin mai kafin ta yarda ta tashi.

Mu masu Basfa a wancan lokaci ba mu da yawa, kuma duk bakanike ɗaya muke da shi a Lafiya. A rumfarsa muka san juna. Idan ɗayanmu zai yi aure, sai mu yi jerin gwano mu raka shi. Idan an yi wa wani rasuwa, mu tafi ta'aziyya tare. In aka ce wane yana kwance ba lafiya, sai wani ya cire hularsa ya zagaya da ita, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. A can Italiya masu Basfa sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1949, da ofis da rajista. Mu tamu ƙungiyar hular nan ce kawai, ba shugaba ba takarda, amma wallahi ta biya wa mutane kuɗin magani.

To, sai zamani ya juya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran mota suka yi tsada, aka rage ma'aikata a wurare da dama. Motocin haya suka yi ƙaranci. Mutumin da ya sayi babur don jin daɗinsa sai ya ga ashe abin neman abinci ne yake ajiye da shi a zaure. Kanawa suka sa wa sana'ar suna acaɓa, Sakkwatawa da mutanen Nijar suka ce kabu-kabu, mutanen kudu suka ce okada, wato sunan wani kamfanin jiragen sama na wancan lokaci. Mu nan kuwa goyin muka fi ji. Basfa ba ta iya wannan aiki ba. Tayoyinta ƙanana ne, injinta a gefe guda yake, in ta shiga taɓon damina da buhu a bayanta sai dai a ɗauko ta a ka. Suzuki da Yamaha suka karɓe fagen, daga baya Jincheng ta zo daga ƙasar Sin da araha, sannan Bajaj ta Indiya ta zo ta zauna daram. Af, bari in gaya wa yaran nan abin da ba su sani ba. Shi kamfanin Bajaj da ƙera Basfa ya yi suna, da izinin Piaggio, a shekarun 1960. Saboda haka Boxer ɗin da kuke taƙama da ita jikar tawa ce, ku riƙa gaishe ta in kun wuce.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo daga Jos, gari ya buɗe, wannan hanya tamu ta Lafiya zuwa Shendam ta ƙara cika. Mu kuma ƙasarmu ta noma ce. Doya da rogo da riɗi da shinkafa da agushi duk a can cikin ƙauyuka suke, inda mota ba ta shiga sai da rani, wani wurin ko da ranin ma. Babur ne ke fito da su bakin titi ranar kasuwa.

Amma abin da ya fi cika tashoshinmu da matasa shi ne korar da aka yi ta yi musu a manyan birane. A Oktoban 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, masu babura suka tsallako Mararraba da Masaka, wasu suka gangaro har nan. A Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. A 2020 da 2022 Legas ta yi nata hanin a ƙananan hukumomi da dama. Duk lokacin da aka yi haka sai mun ga sababbin fuskoki. Yaro zai sauko daga bayan tirela da babur ɗinsa da 'yar jakarsa, bai san kowa ba. Ina zai nufa? Inda ya ji ana Hausa, inda ya ga masallaci. Wato wurinmu. Mu ne masu masaukinsa ko mun so ko ba mu so ba, kuma in ya yi abin kirki ko na tsiya, sunan da za a kira namu ne.

A nan nake so ku ba ni kunnuwanku sosai. Mu a garin nan mun san matsayinmu. Da yawanmu a nan aka yanke mana cibi, a nan muka binne iyayenmu, amma in aka zo maganar takardar asali ko rabon wani abu, mun san kalmar da ake jifanmu da ita. Ba ƙorafi na zo yi ba. Abin da nake nufi, zamanmu lafiya da Eggon da Alago da Koro da Tibi da Fulani ya dogara ne a kan yadda suke ganinmu yau da gobe. To wa suke gani? Akwai ƙauyukan da Sarkin Hausawa bai taɓa takawa ba, Liman bai taɓa takawa ba, ni ma ban taɓa ba. Bahaushen da suka sani shi ne yaron nan mai babur da ke kai matansu kasuwa. Waɗanda suka ga tashin hankalin 2013, daga abin da ya faru a Alakyo a watan Mayu zuwa na Assakio a watan Satumba, sun san cewa ranar da motoci suka daina tafiya, babur kaɗai ke bin hanyar daji. Shi ya sa ake bukatar mai babur, shi ya sa kuma ake saurin zarginsa.

Yanzu ga taimakon da suke yi, wanda na gani da idona. Wata damina, wajen ƙarfe biyun dare, aka buga wa ɗaya daga cikin yaranmu waya daga wata tunga. Matar wani manomi Batibe ce take naƙuda tun la'asar, jini ya ɓalle. Rafi ya kawo, babu motar da za ta shiga. Yara uku suka tafi. Ɗaya ya ɗauko ta, wata dattijuwa ta zauna a baya ta riƙe ta, ɗaya yana gaba yana haska hanya, ɗaya ya goyo mijin. A bakin titi aka samu mota zuwa Lafiya. Da aka isa asibiti aka ce sai an ƙara mata jini leda biyu. Mijin aka gwada, nasa bai dace ba. Yaran nan suka miƙa hannu, na biyu daga cikinsu ya yi daidai. Allah ya tashi kafaɗunta, ita da jaririn. Da kaka ta yi, mutumin ya zo tasha da doya ƙwarya guda, ya ce a raba. Har yau in rigima ta taso tsakanin mutanensa da wani namu, shi ne kan gaba wajen kashe wutar.

Ban da wannan, da azumi su ne ke raba abincin da ƙungiyar matanmu ke dafa wa marayu da gajiyayyu, ba su karɓar ko kwabo. 'Yan agajinmu, na Izala da na Ɗariƙa duka, za su shaida cewa in za a kai mara lafiya ko a sanar da rasuwa a ƙauyuka, masu babura ake nema. Ranar gyaran maƙabarta su ne da jarkokin ruwa. Kuma ba mu kaɗai muka gano amfanin wannan ba. A jihohin Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe an yi shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW inda aka horar da direbobi su riƙa gaggauta kai mata masu naƙuda asibiti. A Ingila akwai masu babura 'yan sa-kai da aikinsu shi ne kai jini daga wannan asibiti zuwa wancan cikin dare, kyauta. Bambancinmu da su, su sun tsara abinsu a rubuce.

Wannan ya kawo ni ga inda ciwon yake. Mun taɓa kafa asusun taimako a tasha, kowa ya sani, kuma ya rushe. Ba zan kama suna ba, domin mutumin da ke riƙe da kuɗin ba ɓarawo ba ne. Kuɗin suna aljihunsa, ba littafi. Wannan ya zo ya ranci na taki, wancan na gyaran inji, wani na suna, shi kuma mai kunya ne. Ranar da wani yaro ya karye a ƙafa aka ce a kawo kuɗi, sai aka tarar da sunayen masu bashi kawai, su ma a ka. Aka yi ta zargin juna har wasu suka daina gaisawa. Ni ma ina da laifi, don ni ne babba kuma na yi shiru. Bayan haka sai ga cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta haura haka nesa. Yaron da a da zai kai mara lafiya kyauta, yanzu sai ya tsaya ya girgiza tanki tukuna. Kada ku ga laifinsa, wani babur ɗin ma ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi balas.

Ga roƙona. A sake kafa asusun, amma a raba shi biyu: na 'yan ƙungiya, don haɗari da jinya da kamun hukuma, da na taimakon jama'a, wanda ba a ranta wa kowa ko da ɗan Sarki ne. A sa kuɗin a banki da sa hannun mutum uku, ɗaya daga tasha, ɗaya daga wannan ƙungiya, ɗaya daga iyayenmu mata, domin na lura su ba a cika yi musu wasa da lissafi ba. Duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa. Ku yi lissafi da ni: a misali mutum 60, kowa naira 100 a rana, kwana shida a mako, naira 36,000 ke nan. A mako huɗu 144,000. Ku kuma 'yan kasuwarmu, masu awon hatsi da dillalan doya, waɗanda yaran nan ke fito muku da kaya daga daji, abin da nake nema a wurinku ƙarami ne: ku ɗauki nauyin man duk tafiyar da aka yi da dare don ceton rai. Yaro ya ba da barcinsa da ƙarfinsa, ku ku ba da fetur.

Sannan a buɗe rajista. Duk baƙon da ya zo da babur a rubuta sunansa da garinsu da lambar mashin da wanda ya tsaya masa. Waɗanda suka yarda su ba da jini a kai su a gwada, a rubuta rukunin jinin kowa da lambar wayarsa, don kada a tsaya lalube ranar da ake bukata. Kuma ina so ƙofar asusun nan ta zama a buɗe ga masu babura 'yan Eggon da Alago da Koro da Tibi da muke tasha ɗaya da su. Rami ɗaya muke faɗawa da su a hanyar nan.

Ku kuma 'ya'yana, magana ɗaya. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ce a sa hular kwano, har wasu a birane suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su yi wa doka ba'a. An yi dariya, amma na je jana'izar da hular kwano za ta iya hanawa, da yardar Allah. Ku saya ku sa. Masu shan ƙwaya don wai su ƙara ƙarfi kuma, mun san ku, kuma ba za a sa sunanku a wannan rajista ba.

Littafin yana hannun Sakatare, yana zaune a bakin ƙofa. Na riga na sa sunana a layin farko da ɗan abin da na iya. Basfata kuma tana nan a zaure, in an samo mini fulogi ranar buɗe asusun ni zan ja gaba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.