Mataimakin Malami a Jami'a: Yana Iya Barin Aiki Bayan Ya Sa Hannu?



Iyaye da yawa suna tambaya a kan ɗansu wanda ya gama digirin farko, jami'a ta ɗauke shi mataimakin malami, ta biya masa kuɗin ƙaro ilmi, sa'an nan wani wuri ya yi masa tayin albashi mai tsoka. Shin yana da ikon ajiye aikin?

Ku da kuke zaune a bakin bariki kun san soja ba ya tuɓe kaki don ya ga dama, sai an sallame shi. To, malamin jami'a ba haka yake ba. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa kowa aiki, amma ya ware aikin soja da na ɗan sanda daga wannan hani. Saboda haka babu kotun da za ta kama malami ta mai da shi aji ƙarfi da yaji.

Amma fa tafiyar ba kyauta ba ce. Wanda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko wata jami'a, za ta tura karatu da kuɗin hukuma, sai ya sa hannu a takardar alkawari cewa in ya gama zai komo ya koyar na wasu shekaru, in kuwa ya ƙi, zai biya abin da aka kashe masa. Galibin kuɗin nan daga asusun TETFund yake fitowa, watau harajin ilmi da aka fara ɗora wa kamfanoni a 1993, aka sāke masa doka a 2011. Kuɗin jama'a ne, ba na shugaban jami'a ba, balle ya yafe.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu tsaya wa yaro. Sau da yawa kawu ne ko maƙwabci, ko wani dattijo mai ɗan fansho, ya sa hannu don kunya, bai ko karanta ba. In yaro ya gudu, ƙofar dattijon nan za a ƙwanƙwasa. Kuma ba shi kaɗai zai ji jiki ba. A 2023 shugaban TETFund, Sonny Echono, ya shaida wa Majalisar Wakilai cewa mutum 137 da aka tura ƙasashen waje sun ƙi komowa. Wannan, da tsadar kuɗin waje, su suka sa aka dakatar da tura sababbi waje daga Janairun 2025. Na baya suka sha hukuncin laifin na gaba.

Wanda ya ƙudura tafiya, lalle ne ya ɗauko takardar ɗaukarsa aiki da ta alkawarin, ya duba wa'adin sanarwa da shekarun da suka rage masa. Ya rubuta wa magatakardan jami'a ta hannun shugaban sashensa, ya nemi a lissafa masa bashin a rubuce, ya roƙi biya kaɗan-kaɗan in ba shi da hali. Kada ya watsar da ɗalibai ana tsakiyar zango. In aka saɓa a kan lissafi, tun gyaran Tsarin Mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar. Ya kuma karɓi takardar sallama kafin ya fita, domin sabon wurin aiki zai iya nemanta.