Jan tsiro a idon kare: kada a sa mai reza

 

Yau batun kare za mu yi. Kada wani ya ce mi ya kai kare cikin zancen kiwo. Wanda ya kwana da tumaki a daji ya san wa ka tada shi in dila ko ɓarawo ya matso garke. Kare in babu ido, babu gadi.

Wani lokaci za ku ga wani jan nama ya ɓullo a kusurwar idon kare, wajen hanci, kamar ɗan magarya nunanne. Da yawa sai su ɗauko reza su yanke. To wannan yankan shi na zo in hana ku.

Ga dalili. Bayan fatar ido ta sama da ta ƙasa, kare shina da fata ta uku, wadda ka share ido daga gefen hanci. Bayanta akwai wata ƴar tsoka mai yin hawaye. Ku ɗauka ido rijiya biyu gare shi: babba can sama, ƙarama nan ga fata ta uku. Ƙaramar tana bada wajen kashi 1 cikin 3 na hawaye. In jijiyar da ka riƙe ta ta saki, sai ta fito waje, iska da ƙura su buge ta, ta kumbura ta yi ja. Ke nan ba baƙon nama ba ne, rijiyar ce ta bar wurinta. Abin ya fi kama kare da bai kai shekara 2 ba, ya kuma fi yawa ga karnukan Turai masu guntun hanci, amma namu ma shina samunsu.

In an yanke ta, jan ya tafi, mai kare ya yi murna. Amma an rufe rijiya guda. Bayan watanni ko shekaru ido na iya bushewa, kwantsa mai kauri ta rufe shi, baƙin ido ya dushe. A ƙasarmu ta hazo da rairayi, busasshen ido ba ya daɗewa. Kuma abin da aka yanke ba ya tohowa.

Aikin gaskiya shi ne a maida tsokar wurinta. Likitocin dabbobi na Amurka sun bayyana wata hanya a 1993, wadda aka kira ta aljihu. Ana hana kare abinci tun dare, da safe a yi mai allurar barci. Likita ya tsaga fatar ciki kaɗan, gaba da bayan tsokar, ya tura ta ciki, ya ɗinke bakin biyu bisanta da siririn zare mai narkewa da kanshi. Shina barin ƴar kafa kowane gefe don hawaye su samu hanya. Wannan aikin likita ne mai kayan aiki, ba na kasuwa ko bakin rijiya ba. Ku fara zuwa ofishin kiwo na Dakoro, a duba, a gaya muku inda za ku kai shi.

Bayan aiki, kwana 10 zuwa 14 kare na ɗaure cikin inuwa, ana sa mai maganin ido da likita ya bada. A yanka kwali a zagaya mai wuya kamar mazurari don kada ya sosa. Wani sa'i tsokar kan sake fitowa, a sake aikin. Ku dinga duba ɗayan idon, shi ma yakan bi.

Kafin ku samu likita, ku tafasa ruwa lita 1 da gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ya huce, ku wanke idon safe da marece da tsumma mai tsabta. Ku ɗaure bakin kare tukuna, ku wanke hannu da sabulu in kun gama. Ban da taba, ban da kanwa, ban da toka. In kuɗin tafiya ba su samu ba, barin tsokar ana wanke ta ya fi yanke ta nesa ba kusa ba.

Saura gargaɗi. Ba kowane jan ido ne wannan ciwo ba. Ƙarangiya kan maƙale bayan fata ta uku, ido ya kumbura. Sa'annan in fatar ta rufo ido biyu, kare ya sake hali, yawu na zuba, muƙamuƙi ya saki, kada kowa ya kai hannu ga fuskarshi: shina iya zama haukan kare. A tsare shi, a janye yara, a sanar da mu nan da nan. Wanda ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya nufi likita ranar nan.

Ku kai ma waɗanda ba su zo ba wannan magana. Allah shi tsare mana dukiya, shi ba mu damina mai albarka. Mai tambaya, bismilla.